Buhun Iya Hanne

Tun yana zuwa zance gidansu, Sharfaddeen ya yi wa Zuhra alkawari, ita kuwa ba ta manta alkawari, balle irin wanda aka yi da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce in an ɗaura aure, aka cire gyaɗa aka kai gida, zai ɗauke ta a babur ɗinsa su biyu rak, su yi ta tafiya har sai sun isa garin da babu wanda ya san sunan ubansu. Bauchi ya ambata, har Yankari, ta ga ruwan ɗumin nan da take yawan kallo a waya.

Ita fa ba ruwan ɗumi ne ya dame ta ba. Abin da ke ranta ƙarami ne, har kunyar faɗinsa take yi ko a zuci: so take ta riƙe mijinta a kan babur. Ta zagaye shi da hannuwanta biyu, ta kwantar da kumatunta a bayansa, iska tana wasa da hijabinta, kamar yadda ta sha karantawa a littattafan da suka cika mata akwati. A Toranke, garinsu, wannan ba mai yiwuwa ba ne. A Toranke matar kirki in ta hau bayan mijinta, takan bar tazarar da za a iya ajiye kwanon tuwo a tsakaninsu, ta mayar da hannuwa baya ta damƙe ƙarfen kariyar babur, ta kafa wa gefen hanya ido kamar ɗan acaɓa ta tara. Duk bishiyar da za su wuce akwai kawun wani a gindinta. Ko a gida ma babban gida ne, ɗakinsu yana jikin na surukarta. In ta yi dariya mai ƙarfi, da safe sai an tambaye ta ko lafiya.

To, an cire gyaɗa, an kai gida. Sharfaddeen, wanda aikinsa shi ne haɗa wa rijiyoyin burtsatse sola, ya sami 'yan kwanaki kafin ya fara wani dogon aiki da zai riƙe shi har bazara. Ya wanke babur, ya canja baƙin mai, ya sayo mata hular kwano ja. Komai ya kammala.

Kuskure ɗaya Zuhra ta yi. Ana gobe tafiya zumuɗi ya hana ta sakat, ta ɗauki hoton babur yana sheƙi a tsakar gida, ta ɗora a sitatus, ta rubuta a ƙasa: "Bauchi, ga mu nan tafe." Da can baki aka sani da yanka wuya, yanzu yatsa ya karɓi aikin.

Da sassafe suna fito da babur suka tarar da Inna Baiwa, mahaifiyar Sharfaddeen, a ƙofar gida da bokitin fenti a gabanta.

"Tunda ta Ajingi za ku bi," ta ce, "ku miƙa wa kawunku Inuwa. Ba wani abu ba ne, daddawa ce da kuka, sai 'yar busasshiyar kuɓewa."

'Yar kuɓewar ce ta hana murfin rufuwa. Jakarsu ta riga ta cinye kariya. Sharfaddeen ya duba gaba, ya duba baya, yana sosa ƙeya, sai Inna ta warware masa matsalar da kanta.

"Ga fili nan tsakaninku a banza."

Ta ɗaga bokitin ta dasa shi daidai wurin da Zuhra ta yi wata da watanni tana mafarkin rufewa. Zuhra ta rusuna ta ce, "To, Inna." Ita kaɗai ta san yadda kalmar ta fito.

Sai da suka bar gari, gonaki suka buɗe dama da hagu da tarin karan gero a jingine, sannan ta leƙo ta gefen bokiti.

"Direba, wannan fasinjan naka na tsakiya warin daddawa yake."

"Yi haƙuri, 'yar littafi. A Ajingi zai sauka."

"Wai wa ya gaya wa Inna ta Ajingi za mu bi?"

"Wanda ya gaya wa duniya za mu Bauchi."

Ta hango shi ta madubi yana danne dariya, ta murguɗa wa madubin baki.

A Ajingi ranar kasuwa ce. Suka kutsa tsakanin amalanke da bas-bas masu kiran Kano har rumfar Kawu Inuwa, inda yake zaune a tsakiyar buhunan hatsi da kwanon awo a hannu. Aka yi gaisuwa: mutan gida, gajiya, amfanin gona, amarya, sannan aka koma kan mutan gida. Aka kawo fura. Zuhra ta sha a tsaitsaye, idonta a kan bokitin da ake juyewa, zuciyarta tana rawa. Fili ya dawo.

Kawu Inuwa ya leƙa cikin bokitin da aka juye, ya girgiza kai.

"Ba a mayar da kwano haka."

"Kawu, ai ba gida za mu koma ba," in ji Sharfaddeen. "Gaba muka nufa."

"Madalla. Ƙauyen Balan ma gaba ne. Rabona da Iya, kakarka, tun sallah." Ya fara auna gero yana zubawa a bokitin, har ya yi tozo. "Ka ce mata sabo ne, na kunu. Ga kuma zakaran nan, tun jiya nake neman wanda zan ba."

Kafin a gama ɗaure ƙafar zakara labari ya zaga kasuwa cewa ga masu zuwa Bauchi. Sa'adiya, ƙawar Zuhra ta makaranta, ta taho da sauri da ƙullin ɗinki na yayarta da ke aure a Dutse, tana cewa Allah ne ya sa ta ga sitatus. Wani dattijo maƙwabcin rumfar ya kawo jarkar man gyaɗa a kai wa ɗansa da ke karatu a Bauchi, ya ce ba sai an sha wahala ba, in an je a kira shi kawai. Kowa in ya miƙo nasa sai ya ce ba shi da nauyi. Saƙo dama ba ya yi wa mai bayarwa nauyi. Kuma wa zai buɗe baki a tsakiyar kasuwa ya ce wa dattijo a'a? Wanda ya ƙi saƙo yau, gobe shi ma zai nemi wanda zai aika.

Da suka bar Ajingi, tsakanin Zuhra da mijinta akwai bokitin gero, a kan bokitin akwai ƙullin ɗinki, a kan ƙullin akwai zakara. Jarka tana reto a gefe tana dukan ƙaurinta. Ita kanta an tura ta can ƙarshen kujera, rabin zamanta a kan jaka, hannuwanta biyu a baya sun damƙe ƙarfe. In ta ɗaga ido ba ta ganin ko ƙeyar Sharfaddeen, sai jan idon zakara.

Hanyar da ta ratse zuwa Balan burji ce mai gargada. Kowane rami sai ƙarfen ya ci tafin hannunta. Rana ta ɗago. Ta tuna yadda ta tsara wannan safiya a ranta, har da kalmomin da za ta raɗa masa a kunne, sai ta ji hawaye suna bin igiyar hular kwano. Ba ta da hannun sharewa.

Ko ta madubi ya gani, ko shirun ne ya yi masa yawa, Sharfaddeen ya gangara gindin wata tsamiya ya kashe babur.

"Me ya faru?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya jiƙa miki fuska?"

"Cewa ka yi mu biyu."

"Ai mu biyun ne. Sauran kaya ne."

"Zakaran ma kaya ne? Tun Ajingi yake kallona kamar na ci masa hatsi."

Ya so ya yi dariya, ya ga ba wurinta ba ne. Ya cire hularsa ya goge goshi.

"Zuhra, gaskiya in azahar ta wuce mana sosai a ƙasar Gaya, ba za mu shiga Bauchi da ido ba, ni kuwa ba zan yi tafiyar duhu da ke ba. In kin gaji, mu sauke na Iya mu juya gida. Ruwan ɗumi ba gudu zai yi ba. Baɗi in Allah ya kai mu..."

Baɗi. Ta ji kalmar kamar an rufe mata ƙofa a fuska. Shi duk zatonsa ruwa take son gani. Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya, sai wani mai keke ya gifta yana ɗaga hannu: "A'a, mai sola, ina zuwa haka da kaya?" Ta haɗiye maganarta.

"Mu je Balan tukuna," ta ce.

Iya Hanne, kakar Sharfaddeen ta wajen uwa, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa lokacin da suka turo babur cikin gida. Tsohuwa ce 'yar firit, ido kamar na shaho, baki kuwa ba ya hutu.

"Ga maigidana nan da ya yi sabon aure ya daina cefane," ta ce. "Yau kuma da kayan lefe aka zo biko?"

"Iya, wa zai yi bikon wadda haƙoranta suka riga ta yin yaji?"

"Ka ci gidanku. Amarya, zo nan, ƙyale wannan mai wuyan zalɓe."

Zuhra ta sauko da ƙyar, ƙafafunta sun yi tsami. Ta durƙusa ta gaishe ta. Iya ta kamo hannuwanta za ta zaunar da ita kusa, sai ta tsaya, ta juya tafukan sama. Shatin ƙarfe ya kwanta a kansu ja wur. Ta dubi tafukan, ta dubi idon Zuhra da ya kumbura, sannan ta dubi babur, daga inda jikanta yake zama zuwa inda amarya take zama, kamar mai auna gona.

"Wa ya jera kayan nan?"

"Inna ce ta fara," in ji Zuhra a hankali.

"Baiwa," Iya ta ce, ta yi ƙwafa.

Aka kira salla. Sharfaddeen ya fita masallaci, Zuhra ta yi tata a ɗakin Iya, aka kawo dambu ta ɗan taɓa. Ta leƙa tsakar gida ta ga an kwance zakara, an juye gero, ba a kuma sake cika bokitin ba, an kife shi a gindin rumbu. Wani ɗan sanyi ya ratsa ta. Saura ƙulli da jarka. Waɗannan za a iya rataye su a gefe. Wataƙila daga Gaya zuwa Dutse, in sun wuce idon sani...

Sharfaddeen yana dawowa da dattawan unguwa biyu da suka rako shi har ƙofa, Iya ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"Ni ma ina da saƙo."

Ta nuna bayan rumbu da sandarta. A can wani buhu yake jingine, ɗinke da baki, ya yi tim, tsayinsa ya kusa kai ƙirjin Zuhra. Zuhra ta dube shi, ta ji duniya ta yi mata zafi. Wannan in aka sa shi a tsakiya, sai dai ta riƙa aika wa mijinta gaisuwa ta waya.

"Iya," Sharfaddeen ya fara, "babur ne fa, ba a-kori-kura ba."

"Ka ɗaukar wa mutanen kasuwa, ni ce za ka ƙi? Ɗauko."

Ya naɗe hannun riga, ya ware ƙafafu, ya rungumi buhun ya yunƙura. Sai ga shi ya yi taga-taga da baya kamar zai faɗi. Ya buɗe baki zai yi magana, Iya ta watsa masa wani kallo, ya rufe. Zuhra ta ce a ranta, shi ke nan, ko shi ma ya kasa.

Aka fito da babur ƙofar gida, matan gida suka biyo su har zaure, dattawan nan biyu suna kan dakali. Iya ta tsaya da sanda tana ba da umarni kamar sarkin tasha.

"Buhuna ba a matse shi a tsakiya, kuma ba a ɗora masa komai. Jakarku ta koma kan tanki. Ƙullin nan cusa shi a jaka. Jarka a gefe, ɗaure ta da kyau ta daina dukan yarinya. Buhu a baya, a gicciye. Matso da shi gaba. Ƙara. Na ce ƙara, so kake ya rinjaya ya faɗi a kwalta?"

Da aka gama ja da roba, buhun ya haɗiye kariya gaba ɗaya, ya ci rabin kujera. Sharfaddeen ya hau. Abin da ya rage wa Zuhra tsakaninsa da buhu bai fi a ajiye faifai ba.

"Hau mana, amarya, rana tana yi."

Zuhra ta gyara hijabi ta hau. Buhun ya tokare mata baya, ya turo ta gaba har ta ji ɗumin bayan mijinta ta cikin rigarsa. A gaban mutane. A gaban dattawa. Da sauri ta mayar da hannuwa baya tana laluben ƙarfen da ta saba riƙewa, ba ta taɓo komai ba sai buhu. Ta lalubi gefe, buhu. Ta rasa inda za ta kai hannuwanta, ta bar su a sama kamar wadda aka sa wa lalle.

"Ke, riƙe shi mana," in ji Iya da muryar da har maƙwabta sai sun ji. "In kika faɗo kika jawo min buhu ƙasa, ni da ke ne."

Zuhra ta saci kallon dakali. Ɗaya daga cikin dattawan ya gyaɗa kai yana jan carbi.

"Gaskiyar Iya ne, 'yata. Riƙe shi da kyau, hanyar nan ba ta da kirki."

To, umarnin manya ne. Wace ce ita da za ta ƙi? Ta sunkuyar da kai, ta miƙa hannun dama, ta miƙa na hagu, suka haɗu a kan cikinsa. Ta ji ya ja wani dogon numfashi. Babur ya tashi, matan gida suna Allah ya kiyaye hanya, Iya tana cewa a kula mata da saƙo.

Suka kama hanya. Gargadar da ɗazu take cin tafin hannunta, yanzu kowane rami sai ya ƙara manna ta da shi, har ta fara jin haushin wuraren da hanya ta yi sumul. Suka hau kwalta, suka shiga Gaya. A bakin tasha wani abokin aikinsa ya hango su, ya taso da kwali a hannu yana ɗaga musu, da ya ga buhun sai ya sauke hannu ya koma ya zauna. Mata masu jiran mota suka bi su da kallo, Zuhra ta ji wata tana cewa, "Allah sarki, kaya ya matse baiwar Allah." Ta cusa fuskarta a bayansa don kada a ga murmushinta.

Sai da suka ɗauki hanyar Dutse sannan ta lura da abubuwa biyu. Babur yana gudu sakayau kamar bai ɗauki komai ba. Kuma buhun, duk lokacin da ta jingina, wani ƙaras-ƙaras yake yi.

"Direba."

"Na'am, 'yar littafi."

"Mene ne a buhun nan?"

Ta ji dariyar a cikinsa kafin ta fito bakinsa.

"Ɓawon gyaɗa ne. Na tattara ƙarfina duka zan ɗaga dutse, na ji kamar na ɗauki matashin kai. Saura kaɗan in zauna a ƙasa."

"Ɓawo? To wa za mu kai wa ɓawo a Bauchi?"

Nan suka tuna babu wanda ya tambaya. Ya tsaya a gefen hanya, ya kira ƙaramar wayar Iya, ya sa a sifika. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Iya, ba ki faɗi mai saƙo ba."

"Wane saƙo?"

"Buhun."

"Au. Ku kai shi Bauchi ya sha iska, ku dawo min da abina. Da shi nake hura wuta." Ta yi tari, sannan ta ƙara: "Amarya tana ji?"

"Ina ji, Iya," in ji Zuhra, murya can ciki.

"Kakanku a keke ya kai ni Ringim muna amarci. Shi buhun ƙaiƙayi ya samo. Kun zaci ku kuka fara aure a ƙasar nan?"

Ta kashe wayarta.

Sharfaddeen ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya dubi hannuwan da har yanzu suke sarƙe a cikinsa, ko da babur a tsaye yake, ba rami, ba gargada. Ya juyo da madubi har ya sami idonta.

"Ashe wannan ne Bauchin naki?"

"Ja mu tafi, rana tana yi."

"Da kin faɗa tun a Toranke, da mun huta da sayen mai."

"A Toranke? A gaban kawunnanka na gindin bishiya?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya tayar da babur.

A Dutse suka miƙa wa yayar Sa'adiya ƙullinta daga bakin ƙofa. Ta fito da kwanon cincin za ta ba su su kai wa wata a gaba, ta zagaya babur tana neman wuri, ta rasa, ta haƙura ta juye musu a leda su ci a hanya. Suka wuce, duwatsun garin suna komawa baya ɗaya bayan ɗaya, manya-manya, a ɗore kan juna kamar wani ne ya jera. La'asar ta kawo jiki. Suka ratsa ƙauyukan da Zuhra ba ta taɓa jin sunansu ba, mutane a gindin bishiyoyi suna kallonsu, babu wanda ya ɗaga hannu, babu wanda ya kira mai sola. Iska tana wasa da hijabinta. Ta nemi kalmomin nan da ta tanada za ta raɗa masa, ta ga duk sun gudu, kuma ba ta yi kewarsu ba.

Wajen Birnin Kudu ya tsaya shan mai. Ya leƙo yana duba ɗan wurin da take zaune a takure, gwiwoyinta sun manne da jarka.

"Nan dai babu wanda ya san mu," ya ce. "Bari in roƙi mai shagon can ya ajiye mana buhun, in mun dawo mu ɗauka. Kya samu ki miƙe ƙafa."

Zuhra ta waiga ta dubi buhun. Ta gyara masa roba ɗaya da ta ɗan zame.

"Amana ce," ta ce. "An ce Bauchi."

Ta mayar da hannuwanta inda suke.